Abin da Na'ura Ba Ta Karɓe Daga Hannuna Ba

Da naɗe waya na fara wannan sana'a. Na daɗe ban taɓa kyamara ba, aikina ɗaukar jakunkuna, kafa fitilu da riƙe sandar makirfo a saman kan mai magana har hannuwana su yi tsami. Yau, cikin ikon Allah, ni ke jan ragamar 'yar ƙaramar tawaga da ke shirya wa kamfanoni bidiyon talla da gajerun labaran da suke gabatar da kansu ga jama'a da su. Abin da ya sa nake son ba da labarina shi ne wata tambaya da ta ishe ni a 'yan shekarun nan. Tunda yanzu mutum zai rubuta wa na'ura layi biyu ta haɗo masa bidiyo, mu me ya rage mana? Wasu da tausayi suke tambaya, wasu da zolaya, wasu kuwa so suke in rage musu kuɗin aiki. Amsata ɗaya ce, sai dai ba ta faɗuwa a taƙaice, dole in bi ta inda na biyo.

Maigidan da na koya a hannunsa mutum ne marar son surutu. Ranar da ya lura na fara leƙen allon da yake tace hotuna a kai, bai kore ni ba. Kujera ya jawo ya ce, "Zauna, yaro." Ya ɗauko hoton fuskar wani mutum da ke zaune shiru, ba fara'a ba ɓacin rai, ya sa hoton ƙofa tana rufewa kafin ita, ya kunna, ya tambaye ni me mutumin yake ji. Na ce, "Oga, tafiya aka yi aka bar shi, kewa ce ke damunsa." Ya cire ƙofar ya sa jariri yana barci. Na ce ai wannan uba ne yake kallon ɗansa, ga ma natsuwa nan a idonsa. Sai ya nuna min fuskar ita kaɗai. Ita ce dai ta ɗazu, ko ƙifta ido ba ta ƙara ba.

Daga baya ya gaya min ba shi ya fara wannan gwaji ba. Wani ɗan Rasha mai koyar da harkar fim, Lev Kuleshov, ya yi shi sama da shekara 100 da suka wuce da fuskar ɗan wasa Ivan Mosjoukine. Da aka haɗa fuskar da kwanon miya masu kallo suka ga yunwa, da aka haɗa ta da akwatin gawa suka ga baƙin ciki, har suna yabon gwanintar ɗan wasan, alhali bai yi komai ba. Tun daga wannan zama na gane cewa ma'anar bidiyo tana fitowa ne a inda hoto ya haɗu da hoto, kuma wani ne yake zaune yana yanke shawarar wanne zai bi wanne. A cikin sakan guda na bidiyo akwai hotuna 24 ko 25 da ke gudu a jere. In ka yanke murmushin mutum da wuri da hotuna shida, farin ciki ne. In ka bar shi ya wuce da shida, sai ya fara kama da rainin hankali. Ba wanda zai rubuta maka wannan a takarda. Zama ake yi ana kallo har ciki ya gaya maka nan ne.

Aikin farko da aka damƙa min ni kaɗai na wani kamfanin kai saƙonni ne. Takardar bayanin da suka aiko irin wadda kowa ke aikowa ce: motoci a jere da sabon fenti, ma'aikata cikin yunifom suna murmushi, murya mai kauri tana ambaton sauri da riƙon amana. Na ɗauki duk wannan, domin shi suka biya. Amma maigidana yana yawan cewa zuwa da kai ya fi aike, don haka na roƙi a bar ni in bi ɗaya daga cikin direbobinsu in ga yadda yininsa yake. Suka haɗa ni da wani dattijo da ya kusa ajiye aiki, ina jin don shi ne wanda ba zai yi ƙorafi ba.

Ana cikin zagayawa sai na ga ya kashe mota tun daga nesa da wani gida, ya sauka ya ɗauki kwalin ya taka da ƙafa. Da ya dawo na ce, "Baba, ga hanya har ƙofar gida, me ya sa ka tsaya a can?" Bai amsa ba. Ya miƙa hannu ya zaro wani tsohon littafin rubutu da duk bangonsa ya sha baƙin mai, ya buɗe ya nuna min layi da yatsa. Gidan nan akwai marar lafiya, ba a danna hon. Na ci gaba da buɗe shafukan. Wannan mai gidan ba ya ji sosai, a ƙwanƙwasa da ƙarfi. Nan ma'aikacin dare ne, kada a zo da safe. Nan tsohuwa ce ita kaɗai, a jira, a hankali take tahowa. Shekaru yana cika littafin nan, kuma babu wanda ya san da shi a ofis.

Ban ce ya maimaita komai don kyamara ba, domin da zarar ka ce wa irin wannan mutum ya sake, sai jikinsa ya sandare ya koma ɗan wasa marar gwaninta. Bin sa na ci gaba da yi ina jira, har ya manta da ni. A wajen tacewa na cire kiɗa gaba ɗaya daga farkon bidiyon. Abin da ake ji shi ne injin yana mutuwa, sai takun ƙafarsa, sai shafin littafi yana buɗewa. Sunan kamfanin bai fito ba sai a ƙarshe, a jikin ƙofar motar da yake rufewa a hankali.

Mai kamfanin da ya kalla sai ya juyo ya ce, "To ina motocin nawa?" Muka sha muhawara. Hujjarsa ba ta banza ba ce: ya kashe dukiya a kan motocin nan, kuma yana so abokan gogayyarsa su gani. Na ce, "Ranka ya daɗe, motoci kowane kamfani yana da su. Wannan littafin kai kaɗai kake da shi." A ƙarshe aka saki biyun. Na motocin ya wuce kamar ba a yi ba. Na dattijon kuwa shi ne masu kiran ofis suka riƙa ambata, wasu ma suna tambaya ko za a iya rubuta nasu gidan a littafin. Bayan wani lokaci kamfanin ya ƙara gurbi a manhajarsa inda mai karɓar saƙo zai rubuta irin wannan bayani. Har yau wannan ne abin da ya fi faranta min rai a aikin, cewa labarin ya juya ya gyara kamfanin da ya biya a ba da shi.

Ba ni na gano wannan hanya ba, manyan sana'ar sun daɗe a kanta. Tallan talabijin na farko da aka biya kuɗinsa a Amurka, na agogon Bulova a ranar 1 ga Yulin 1941, hoton fuskar agogo ne kawai da sunan kamfani. A lokacin wannan ya isa, tunda akwatin da kansa abin mamaki ne. Amma da tallace-tallace suka yi yawa, nuna kaya ya daina wadatarwa. A 1988, da kamfanin takalma na Nike zai fito da takensa da duniya ta sani yanzu, wato "Just Do It", ba zakaran tsere ya fara sakawa ba. Wani tsoho ne mai shekara 80, Walt Stack, yana sassarfa ba riga a kan gadar Golden Gate, yana cewa mil 17 yake yi kowace safiya, har da barkwancin cewa haƙoransa ba sa kaɗawa da sanyi domin a akwatin ajiya yake barinsu. Takalmin da ake tallatawa ba a ma tsaya a kansa ba. Wani ne ya san da wannan tsoho, ya saurare shi, ya kuma yi ƙarfin halin gaya wa masu kuɗi cewa shi za a sa.

Sana'ar ta sha canzawa a gabana. Kaset ya tafi, katin ajiya ya zo. Waya ta zama kyamara, allo ya miƙe tsaye, YouTube ya ba mai kallo damar tsallake talla bayan sakan biyar, wanda ya tilasta mana koyon kama hankali tun kafin mutum ya kai yatsa. Kowane canji sai an ce mun mutu, sai kuma a ga mun tashi. Don haka da aka fara maganar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, fasahar da ke sa na'ura ta kwaikwayi aikin ƙwaƙwalwar mutum, ban razana da wuri ba. A watan Fabrairun 2024 ne jikina ya yi sanyi, lokacin da kamfanin OpenAI ya nuna Sora, wadda ke haɗa bidiyon da ya kai minti guda daga rubutu kawai. Zuwa Mayun 2025 Google ya fito da Veo 3, wadda ke haɗawa har da sauti da maganar baki.

Kuma gaskiya aiki ya ragu. Ba zan ɓoye wannan don in ƙawata labarina ba. Akwai nau'in aikin da ke riƙe ƙananan tawagogi irin tamu tsakanin manyan kwangiloli: kwalba tana juyawa a kan farin bango, gari daga sama da asuba, hannu yana danna waya. Wannan kusan duk ya tafi, kuma ba na sa ran dawowarsa. Wasu abokan hulɗa da muka daɗe tare suka yi shiru, sai dai in ga sabon tallansu da fuskokin mutanen da ba a taɓa haifa ba. Akwai watannin da na zauna da lissafi ina tunanin wa zan sallama. Alhamdu lillahi ban sallami kowa ba, amma kowa ya ji a jikinsa.

Ni ma ina amfani da waɗannan na'urori, kullum ma kuwa. Su ke rubuta min hirar da a da sai an kwana ana saurare ana bugawa. Su ke cire ƙarar iska daga sautin da a da sai dai a zubar. Kafin mu fita ɗauka nakan sa su zana min yadda kowane hoto zai kasance, in nuna wa mai kamfani ya gane abin da ke kaina tun ba a kashe ko sisi ba. Wanda ya ce ba su da amfani bai gwada ba ne.

Sai dai yawan aiki da su ya sa na fahimci inda suka tsaya. An horar da su ne da tarin hotuna da bidiyoyi masu ɗimbin yawa tare da bayanansu, don haka in ka rubuta musu abu, suna fito da abin da ya fi yawan dacewa da kalmominka a cikin abin da suka gani. Ka ce direban kai saƙo mai kula da mutane, za su ba ka saurayi kyakkyawa da haƙora farare yana miƙa kwali ga mace mai murmushi, rana tana faɗuwa a bayansu. Hoton ba shi da aibi, kuma shi ne matsalarsa, domin abokin gogayyarka ma da ya rubuta irin kalmominka kusan shi zai samu. Littafin dattijon nan ba zai taɓa fitowa ba sai in ni na rubuta shi, ni kuma ba zan san da shi ba sai da na zauna a kujerar gefen direba na ga an kashe mota a inda ban zata ba. Yanzu da na sani, na'ura za ta iya zana min littafi mai baƙin mai a cikin sakanni. Amma mai kallo da zai kira ofis ya ce a rubuta gidansa, yana yin haka ne don ya yarda akwai littafin da gaske.

Manyan kamfanoni ma sun taɓo wannan wuri. A Mayun 2024 Apple ya saki tallan sabuwar iPad Pro inda wani ƙaton injin matsa ƙarfe yake murƙushe fiyano, kakaki, gwangwanayen fenti, kyamarori da littattafai, sai na'urar siririya ta fito daga ƙarƙashi. An ɗauke shi da kyau ƙwarai. Abin da suke nufi shi ne duk waɗannan sun shiga cikin na'ura guda, abin da masu zane da mawaƙa suka gani kuwa shi ne ana niƙe kayan sana'arsu, a daidai lokacin da suke cikin fargaba. Cikin kwana biyu kamfanin ya nemi afuwa, ya fasa kai tallan talabijin. A Nuwamban shekarar Coca-Cola ya sake haɗa tsohon tallansa na 1995, mai jerin manyan motoci masu fitilu, da ƙirƙirarriyar basira. Ya sha suka cewa ba shi da rai, amma bai fasa ba, ya sake yin wani a 2025. Na kawo wannan na biyun ne don kada wani ya ɗauka sukar jama'a za ta tsayar da abin. Inda arha take, kamfanoni za su je.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne a wani aiki na kamfanin ba da lamuni ga masu ƙananan sana'o'i. Mun yi hira da wata mata da ta karɓi bashinsu ta faɗaɗa sana'arta. Ta yaba musu, amma a tsakiyar magana ta ce watannin farko ta sha wuya wajen biya, har ta yi tunanin ta yi kuskuren karɓa. Jami'in tallansu ya kira ni ya ce tunda yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum a kuma daidaita motsin leɓensa, in sa ta ce lamunin ya canza rayuwarta tun ranar farko. Ya ce ai abin da take nufi ke nan. Na ce, "Yallaɓai, ba ta faɗa ba."

Na san mai tacewa ba waliyyi ba ne. Kullum ina yanke maganar mutane, ina cire inda suka yi in'ina, ina gajarta dogon zance. Wannan ma iko ne, kuma ana iya zaluntar mutum da shi. Amma iyakar da nake tsayawa a kanta a bayyane take: ina rage abin da aka faɗa ba tare da na juya ma'anarsa ba, ba na ƙirƙirar abin da ba a faɗa ba. Na koma wurinta na gaya mata abin da ake so, na ce ko za ta sake faɗa da bakinta yadda suke buƙata. Ta ce, "Ɗana, ka bar maganar wuyar nan. Wadda za ta karɓa bayana gara ta sani." Na kai musu bidiyon da maganar a ciki, na kuma yi ƙoƙarin nuna musu cewa wannan jimlar ce za ta sa a yarda da sauran yabon. Ba su karɓa ba. Suka biya kuɗin ɗauka, suka cire matar gaba ɗaya, ba su sake nemana ba.

Tun daga nan na ƙara sharaɗi a takardar yarjejeniyata, cewa ba za a sauya murya ko fuskar duk wanda muka ɗauka ba sai da izininsa a rubuce. Ashe abin da manyan 'yan sana'ar suka yi yaƙi a kansa ke nan. A 2023 marubutan fina-finan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa kuma na kwana 118, kuma cikin abin da 'yan wasan suka samu akwai cewa ba za a yi kwafin surarsu ta na'ura ba sai da amincewarsu da biyansu. Akwai kuma wani batu da nake tuna wa abokan hulɗa, wanda yakan sa su gyara zama. A Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Maris na 2025 cewa aikin da na'ura ta yi ita kaɗai, ba hannun ɗan Adam a ciki, ba ya samun kariyar haƙƙin mallaka. Kamfanin da ke son hoto ya zama nasa shi kaɗai yana da dalilin yin tunani a kan wannan.

Damuwata a yanzu ba ta kaina ba ce, ta yaran da ke tasowa ce. Ayyukan da na'ura ta fara cinyewa su ne matakalar da mu muka taka: buga hira, jera ɗauke-ɗauke, ware mai kyau daga marar kyau. Aiki ne mai gundura, amma a cikinsa ido ke buɗewa. Wanda ya zauna ya kalli hirar awa biyu don ya fitar da sakan talatin, shi ne yake koyon gane lokacin da mutum ya daina maganar da ya shiryo daga gida ya fara faɗin abin da ke ransa. Yawanci bayan tambaya ta ƙare ne, lokacin da aka yi ɗan shiru kowa yana zaton an gama. Na'ura tana taƙaita maka hira cikin ƙiftawar ido, amma kalmomi take bi, wannan shirun ba ya shiga taƙaitawarta.

Shi ya sa na kafa wa masu koyo a wurina doka biyu. Duk abin da muka ɗauko sai sun kalle shi daga farko har ƙarshe kafin su buɗe taƙaitawar na'ura. Kuma ziyarar farko zuwa wurin kowane abokin hulɗa ba a zuwa da kyamara, littafi da biro kawai. Suna gunaguni, ina ji, nakan yi kamar ban ji ba.

Kwanan baya na tura wata yarinya da ke koyo a wurina zuwa wata masana'antar kujeru da ta ba mu aiki. Takardar bayaninsu cike take da maganar sababbin injinan yanka katako. Ta dawo da yamma ta ce, "Oga, injinan suna nan, amma ba su na kalla ba." Ta ce akwai wani ma'aikaci a ƙarshen layi da babu kujerar da ke fita sai ya zauna a kanta ya jingina ya ɗan girgiza, in ya ji wani ƙara da bai yi masa ba sai ya mayar da ita, ko da na'urar gwaji ta ce lafiya lau take. Sauran ma'aikatan suna tsokanarsa cewa shi kaɗai ake biya albashi don ya zauna. Na kira manajan na ce muna so mu ɗage ɗaukar zuwa ranar da mutumin yake bakin aiki. Ya tambaya ko injinan za su fito, na ce za su fito, a bayansa. Ita kuma na gaya mata ta shirya, kyamara ta biyu a hannunta za ta kasance.